Tambayi Likita: Injin da Bairos Ke Kwafin Kansa da Maganin da Muke Sha

Likita, ni ɗaliba ce a Zariya. Na ji ana cewa an gano siffar wani furotin na bairos. Ina amfanin haka ga mara lafiya?

'Yata, bairos ba ya hayayyafa sai ya shiga ƙwayar halittar jikin mutum, a nan yake kwafin kansa da wani furotin, wato ƙanƙanin sinadarin halitta, da ke masa aikin inji. Idan aka san tsayin injin nan da faɗinsa da zurfinsa, da inda ramukansa suke, sai a ƙera maganin da zai toshe ramin, kamar maƙeri ya ga kwaɗo kafin ya yanka makulli. A 1992, ɗakin binciken Thomas Steitz a Jami'ar Yale ta Amurka ya fito da siffar injin HIV, sai ga shi kamar hannun dama: yatsu, tafi da babban yatsa, yana damƙe zaren gadon bairos ɗin, wato zaren da ke ɗauke da bayanan halittarsa, yana kwafi. Na korona kuwa, a 2020 masana a ƙasar Sin suka gano siffarsa, watanni kaɗan bayan ɓullar cutar.

Likita, shekara tara ina shan maganin ƙanjamau mai nevirapine, sai aka canza mini zuwa dolutegravir. Ko jikina ne ya lalace?

Malam, kwantar da hankalinka. Nevirapine yana shiga wani ɗan aljihu ne kusa da tafin hannun nan, ya ƙage shi ya kasa motsi. Matsalar ita ce HIV yana yawan kuskure wajen kwafi, kuma canji ɗaya tak a bakin aljihun ya isa ya hana maganin zama. Shi dolutegravir wani furotin daban yake kamawa, wanda ke liƙa gadon bairos a cikin namu, kuma bairos yana shan wuya kafin ya kuɓuce masa. Shi ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a gaba, aka canza wa mutane da dama, har waɗanda tsohon maganin ke yi musu aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne tsallake kwana. Duk ranar da magani ya yi ƙaranci a jini, bairos yana kwafi, a nan bairos masu bijire wa magani ke samun sarari. Don Allah ka riƙe lokacinka, ka kuma riƙa zuwa gwajin yawan bairos a jini.

Likita, mahaifiyata na da ciwon hanta nau'in C. Ana warkewa?

Ana warkewa, 'yar'uwa. Sofosbuvir yana kwaikwayon tubalin da injin bairos ke ɗauka yana gina kwafi, da ya ɗauka sai kwafin ya tsaya. Haɗe da daclatasvir na mako 12, fiye da kashi 90 cikin 100 na warkewa. Kafin ta fara, a gwada ta ko tana da nau'in B, domin yakan taso a lokacin shan maganin.