Gareji ya amsa: kam na tsere zai sa motata ta tashi?

Wani matashi daga unguwar Zariya ya rubuto: "Maigida, ina da tsohuwar Corolla mai injin 4A-FE, zan sauke injin in sake shi don ta yi gudu. Abokai sun ce in saka kam na tsere mai digiri 288. Mi ka gani?"

Ƙanena, kafin ka taɓa aljihu ka tambayi kanka, ina motar nan take wuni? In dai tsakanin babbar kasuwa da tasha ne, kana kauce ma kabu-kabu da amalanken shanu kana faɗawa yashi, to allurar injinka ba ta cika wuce juyi 2500 a minti ba, kuma kam ɗin da abokanka ke zuga ka a kai bai ma farka daga barci ba a wannan wurin.

Kam, wanda makanikanmu ke ce ma arbar-a-kam, sanda ce mai tozo-tozo, kowane tozo shi ke danna supap, wato 'yar ƙofar injin, ta buɗe iska da esans su shiga, ko hayaƙi ya fita. Juyi ɗaya take yi in kiranshaf, babbar sandar da piston ke juyawa, ya yi biyu. Lambobi biyu za ka duba a kanta, digiri wato daɗewar supap a buɗe, sai milimita wato zurfin da take buɗewa. In digiri ya yi yawa ƙarfin ba daga sama ya faɗo ba, kwashe shi aka yi daga ƙasa aka kai can wajen 5000 zuwa sama, don a lokacin ne injin ke haɗiyar iska da sauri har yana buƙatar ƙofa ta daɗe a buɗe, amma a ƙaramin gudu supap ta shiga da ta fita suna haɗuwa a buɗe tare, wani esans ɗin ya bi ta salansa ya tafi a banza, ralanti, wato aikin injin in mota na tsaye, ya riƙa kakkarwa kamar mai masassara, kuma abin da samari ba su so a faɗa, birki na iya yin tauri saboda zuƙar iskar da yake dogara da ita ta ragu. Ka ɗauki mutum biyar da buhun gero ka nufi Ɗan Issa, a nan za ka ji motar ta yi sanyi.

Sannan ga wata matsalar. Yawancin kam na tsere da ake talla na 4A-GE ne, ɗan'uwan injinka mai kulas, wato kan injin, daban. Naka an yi shi ne don tattalin mai, bel ɗin ma kam ɗaya yake ja, ɗayan haƙori ke juya shi. Na GE ba zai zauna a naka ba, ko wane makanike ya rantse maka.

In son gudun ya kama ka da gaske, nemi 4A-GE sukutum ka tsaya a kam mai digiri 256 ko 264. Ka sake sifirin na supap, ka sa a gwada tazarar piston da supap da ɗan ƙullu kafin a ɗaure kulas, don in suka gaisa injin ya tafi. Daga 272 zuwa sama sai an gyara kwamfutar injin, kuma wallahi mai iya wannan ba a kowane lungu ake samunsa ba.

Wani Alhaji kuma ya ce ya samu kam na okaziyo daga Kwatano da araha, ko ya saya?

Alhaji, ranka ya daɗe, a wanke shi da gazuwal a fito da shi rana. A bi tozon da farce, in farce ya maƙale ko an ga ramuka ƙanana a bar ma mai shi kayansa. A auna tsayin tozon duka, in ɗaya ya gaza 'yan'uwansa ya cinye ke nan. Kuma kada a ɗora shi kan tsofaffin abin dannawa da suka saba da wani kam, su ke fara cinye shi. Ƙurar garin nan ma ta ishe shi, sai a kula da filtar iska da juyen baƙin mai.

Mai Hilux dizal da ya yi irin tambayar, bar kam ɗinka yadda Toyota ta yi shi, kai kuɗin wajen mai gyaran pampo da injekta.