An sace motata, na gan ta a hannun wanda ya saya: ta wace ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata biyar ke nan da aka sace min mota a bakin masallacin Juma'a. Makon jiya na gan ta a hannun wani yana haya da ita, an sake mata fenti da lamba. Ya ce saya ya yi, sai na biya shi kuɗinsa zai saki. 'Yan'uwa kuma sun matsa in je wurin mai duba ya gano ɓarawon. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya mayar maka da alheri. Motar taka ce, ba ka da kwabon da za ka biya. Ɓarawo bai mallake ta ba, don haka cinikinsa bai fitar da ita daga hannunka ba, ko da ta bi ta hannun mutum goma. Malaman Malikiyya suna kiran wannan babi istihƙaƙi: mai kaya ya karɓi kayansa, mai saye ya bi wanda ya sayar masa, shi ma ya bi na gabansa.

Amma ba a karɓa da "na gane ta". Sai hujja a gaban alƙali: shaidu adalai, takardun mallaka, sannan ka rantse ba ka sayar ba, ba ka kyautar ba. Fenti da lambar gaba ana sauya su a yini ɗaya. Abin dogaro shi ne lambar casis, haruffa da lambobi 17, wadda ake gani ta ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba da jikin madogarar ƙofa, sai lambar inji. Ka gwada su da na takardunka. In ka ga alamar gogewa ko walda a wurin, a kira bakanike ya shaida. Kada ka tara matasa ku ƙwace ta a titi, nan ake mai da mai gaskiya mai laifi. Koma ofishin 'yan sandan da ka kai rahoto da takardar da suka ba ka, su tsare motar. Wanda bai kai rahoto tun ranar farko ba yakan sha wahala a nan, kuma in aka yi ɓarna da motar, sunansa ne a takarda.

Kuɗin hayar da mai sayen ya tara fa? In da gaske bai san ta sata ba ce, nasa ne. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa mai ƙwace ne ke mayar da amfanin da ya ci, waninsa ba ya mayarwa, kuma hadisin Nana A'isha ya nuna amfani yana bin lamuni, wato wanda asarar kaya take kansa shi ke cin amfaninsu. In kuwa ya sani, ko araha da rashin takardu sun isa su fahimtar da shi, alƙali zai duba, domin wanda ya saya yana sane hukuncinsa na mai ƙwace ne.

Zuwa wurin mai duba haramun ne. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa arrafi ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa kwana 40, kuma malamai sun fassara arrafi da mai da'awar sanin abin da aka sace da inda ɓataccen abu yake. Sau da yawa ma maƙwabci ko yaron gida yake nunawa, a ɓata zumunci a kan ƙarya. Abin da ya halatta shi ne sanya tukwici ga wanda ya kawo labari, kamar kayan raƙumi guda da aka yi alkawari a Suratu Yusuf, aya ta 72.

In aka kama ɓarawon kuma kana son yafe masa haddi, to kafin a kai gaban hukuma ne. Safwan ɗan Umayya ya so yafe wa ɓarawon mayafinsa bayan ya kai shi, Annabi (SAW) ya ce masa me ya hana ya yi haka tun kafin ya kawo shi.

Wallahu a'alamu.