Neman ƙwayoyin gado masu alaƙa da toshewar jijiyoyin zuciya

Malam, ka tambaya ta ina ake fara wannan bincike da kwamfuta. Hanyar da aka fi bi ita ce GWAS: a kwatanta DNA na masu ciwon da na masu lafiya a miliyoyin wurare.

Tace bayanai ne ke cin lokaci. Da PLINK, manhajar nazarin bayanan DNA, ka cire duk wanda sama da kashi 2 cikin ɗari na bayanansa ya ɓace, da sauye-sauyen DNA da yawansu a cikin mutanen bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Ka yi PCA, wato lissafin da ke fito da bambancin asalin mutane daga DNA ɗinsu, ka haɗa sakamakonsa da shekaru da jinsi cikin lissafin, in ba haka ba bambancin asalin mutane zai fito maka tamkar alamar cuta. Kada ka yarda da wuri sai p, ma'aunin da ƙanƙantarsa ke nuna da wuya sakamakon ya zama dace kawai, ya gaza 5×10⁻⁸.

Inda ake yawan zamewa shi ne ɗora laifi kan ƙwayar gadon da ta fi kusa da wurin da alamar ta fito. A 1p13, wani wuri a jikin DNA, bincike ya nuna ƙwayar gado SORT1 ce ke aikin a hanta, alhali alamar ta fi kusa da wata mai suna CELSR2. Don haka ka duba GTEx tukuna, rumbun bayanai kan yadda sauye-sauyen DNA ke shafar aikin ƙwayoyin gado a sassan jiki.

Mafi yawan mutanen UK Biobank, babban rumbun bayanan lafiya da DNA na Birtaniya, Turawa ne, saboda haka sakamakonsu ba lallai ya yi daidai da 'yan Afirka ba.