Likita ta ce in riƙa rubutu: wane littafi zan saya?

Tambaya: Anti, ina zaune a Makka. Shekara guda ke nan ciki da kai suna damuna. An yi gwajin jini, an yi hoto, ba a ga komai ba. Likita ta ce damuwa ce take fitowa ta jiki, in riƙa rubuta abin da ke raina. Na ga wani littafi mai tambayoyi a kowane shafi, ya haura riyal ɗari, ga kuma manhajar waya da ake biya duk wata. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ki riƙe kuɗinki. Ki shiga shagon abu riyalen, wato shagon kaya masu araha, ki sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro, ya wadatar.

Masanin halayyar ɗan Adam James Pennebaker ne ya fito da wannan hanya a Amurka a 1986. Ɗalibai ya sa su rubuta abin da ya fi ƙona musu rai, minti 15 kullum, kwana huɗu a jere. Waɗanda suka haɗa labarin da yadda suka ji a zuci sun rage zuwa asibiti a watannin da suka biyo baya. A 1999 an gwada wa masu asma da masu amosanin gaɓɓai, wasu suka samu sauƙi. Amfanin dai matsakaici ne, wani ma ba ya ganin canji, don haka kada ki ajiye maganinki.

Littafin tsadar nan shi zai zaɓa miki abin da za ki faɗa, alhali ke kika san inda yake miki ciwo. Wayar kuwa, ai kin san yara da ɗaukar waya, za su iya ganin abin da kika rubuta.

Ki samu lokacin da gida ya yi shiru, kamar bayan asuba. Ki sa biro kada ki ɗaga, ba ruwanki da ƙa'idar rubutu. Hausa ce, ajami ne, Larabci ne ya shigo tsakiya, duk ki bari. Idan kina tsoron wani ya gani, ki yayyaga takardar da zarar kin gama, don ba a rubuta ta domin a karanta ba.

Ranki zai iya yin nauyi na 'yan sa'o'i bayan rubutun, an saba ganin haka. Amma idan kuka ya ƙi tsayawa, ko barci ya gagara, ki dakata ki koma wa likitarki, ko ki kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya.