Me ya sa ake taɓa tsarin da ke tafiya lafiya?

Ka tambaye ni, yaro, dalilin da ya sa duk bayan wata uku ake sake jeren sito, a sake duba masu kawo kaya, wani lokaci har a juya ma'aikata, wato a sauya musu wurin aiki, alhali babu wanda ya yi ƙorafi. Dalilin shi ne kowane tsarin kai da kawo kaya a kan lissafi aka gina shi, lissafin kuma yana tsufa ba tare da ya yi ƙara ba.

Ɗauki adadin da in kaya suka sauko kansa ake sake oda. A ce katan 40 ke fita a rana, mai kawowa kuma kwana 10 yake ɗauka. Wannan 400 ke nan, ka ɗora 120 na ko-ta-kwana, ya zama 520. To in hanya ta canza, kayan suka koma kwana 16, adadin ya kamata ya zama 760. Wanda ya riƙe 520 ɗinsa, kayansa za su ƙare a kwana na 13, ya yi kwana uku yana ba masu saye haƙuri. Daga nan sai tsoro ya sa ya ninka oda, kamfanin da ke kawo masa kayan ya ɗauka kasuwa ce ta buɗe shi ma ya ninka, ƙarshenta kowa ya tashi da kwantai, jari ya kwanta a kan kanta. Kuma ba sai laifin mai kawowa ba. A watan Maris na 2021 jirgin ruwan dakon kaya mai suna Ever Given ya toshe mashigin ruwan Suez da ke Masar kwana shida, lissafin mutanen da ba su taɓa ganin teku ba ya rushe.

Jeren sito ma haka. Galibi kaya kaɗan, wajen kashi 20 cikin 100, su ke ɗauke da yawancin zirga-zirga. Su ake ajiyewa kusa da ƙofar lodi, tsakanin ƙugu da kafaɗa, don kada mai ɗauka ya yi ta sunkuyo ko hawa tsani. Amma abin da ke gudu bana ba lallai ya yi gudu baɗi ba. Ka ciro fitar kaya ta wata uku, ka jera daga mai yawa zuwa mai kaɗan, ka kwatanta da abin da ke bakin ƙofa. Wurin da ake tafka kuskure shi ne a kwashe kaya kafin a gyara lambar wuri a kwamfuta da jikin kanta. Layi ɗaya ake yi, a liƙa sabuwar lamba, a ƙirga, a shigar, sannan a matsa na gaba.

Batun mai kawo kaya na biyu, kada ka jira sai na farko ya gaza, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka riƙa ba shi oda ɗaya cikin biyar, ka ga ingancin kayansa da cika alkawarinsa. A watan Fabrairun 1997 gobara ta cinye masana'antar Aisin a Japan, wadda kusan ita kaɗai ke yi wa Toyota wani ƙaramin bawul na birki, sai da ƙera motoci ya tsaya na kwanaki.

Juya ma'aikata shi mutane suka fi tsana, ni kuwa ina ganin ya fi sauran amfani. Mai yin oda kada ya zama shi ke karɓa ya ƙirga, kada kuma ya zama shi ke biya. Wanda ya daɗe a kujera ɗaya yakan saba da dila har ya daina buɗe katan, kuma ilimin wurin yana taruwa a kansa shi kaɗai, ranar da ya kwanta rashin lafiya aiki ya tsaya. In za a juya, a ba mai barin kujerar da mai karɓarta mako biyu tare, a ƙirga kaya a gabansu, su biyun su sa hannu.

Sai dai ka kiyaye: canji ɗaya a lokaci ɗaya, kuma ban da lokacin da ciniki ya yi zafi. Kafin ka taɓa komai, rubuta kwanakin da oda ke ɗauka, yawan odar da ta fita cikakkiya kan lokaci, da giɓin da ke tsakanin abin da ke littafi da kayan da ke sito. Bayan mako shida ka sake aunawa. In lambobin ba su motsa ba, mayar da abin yadda yake, ka rubuta dalili a littafin sito.