Amsa ga mai tambaya kan awon hular jarirai ta kwarashi

Assalamu alaikum, 'yar'uwa. Na karanta tambayarki, inda kika ce kin saƙa huluna uku kina bin lissafin da kika gani a bidiyo ido bayan ido, amma biyu sun yi wa jaririn yawa har suna rufe masa fuska, ɗaya kuma ta ƙi shiga, ga shi yayarki za ta haihu a watan Disamba kina son ki yi wa abin da za ta haifa. Na daɗe ina wannan saƙa a nan Maraɗi, kuma ina ganin laifin ba na hannunki ba ne. Adadin idon da mai bidiyo ta ƙirga ya dace ne da zarenta da kwarashinta da yadda take jan zare, ke kuwa zaren da kika samu a kasuwa kaurinsa dabam, jan hannunki ma dabam. Saboda haka ki ajiye ƙirge a gefe, ki ɗauki tef ɗin awo irin na tela.

Jaririn da ya cika watanninsa, kewayen kansa yakan kasance santimita 34 zuwa 35 ranar haihuwa. Kan yana girma da sauri fiye da yadda ake zato: kusan santimita 2 kowane wata a watanni ukun farko, sai ya koma 1 a wata har zuwa wata shida, daga nan ya rage zuwa rabi. Wato ɗan wata uku ya kai wajen 40, ɗan wata shida wajen 43, mai shekara guda kuwa wajen 46. In yaron yana kusa, ki zagaya tef ta saman girarsa da saman kunnuwa zuwa tudun ƙeya. In yana nesa, ki roƙi uwar ta duba miki takardar awonsa ta asibiti, domin sau da yawa ana rubuta kewayen kai a ciki.

Hula ba a yin ta daidai da kai. Sai ta gaza da kamar santimita 2, saboda saƙa tana miƙewa, kuma miƙewar nan ce take riƙe ta. Ga sabon haihuwa ke nan hular ta zama 32 zuwa 33. Yadda za ki sami wannan awon kuwa tun daga faifan sama ne, wannan da'irar da ake fara saƙawa a shimfiɗe kafin hula ta fara gangarowa. Ki raba kewayen hular da 3.14, abin da ya fito shi ne faɗin faifan. Na sabon jariri santimita 10 zuwa 10 da rabi, na ɗan wata uku 12, na wata shida 13, na mai shekara 14. Idan doguwar saƙa kike yi, wadda ake naɗa zare sau ɗaya kafin a soka kwarashi, ki fara da ido 12, kowane zagaye ki ƙara 12, kina shimfiɗa faifan a kan tabarma kina aunawa ta tsakiya. Da ya kai awon, ki daina ƙari, ki ci gaba da zagaye har tsawon hular daga tsakiyar kai zuwa baki ya kai 12 zuwa 13 ga jariri, wajen 14 ga ɗan wata uku, 16 zuwa 17 ga mai shekara. Wani lokaci zagaye guda cikakke zai zarce awon. A nan sai ki yi rabin ƙari, ido 6 kawai, ko ki yi zagayen da gajeriyar saƙa, wadda ba a naɗa zare kafin a soka kwarashi. In faifan ya kama lanƙwashewa kamar ƙoƙo, ƙarin ya yi kaɗan. In bakinsa yana tattarewa, ya yi yawa.

Maganar zare ita ce na fi so ki tsaya a kanta, don a nan na taɓa yin kuskuren da ban manta ba. Na saƙa wa jaririyar wata maƙwabciyata hula da zaren auduga, awo daidai, ranar suna kowa yana yabawa. Bayan wanki biyu ko uku uwar ta shigo gidana da goyo, sai na ga hular ta zame ta rufe wa yarinyar ido ɗaya har zuwa hanci, uwar kuma ba ta sani ba tunda a bayanta take. Gabana ya faɗi ƙwarai. Auduga tana da sanyi da taushi a fata, amma in ta miƙe ba ta komawa, kuma goyo kansa yana goga hula da bayan uwa yana ture ta. Tun daga ranar, in da auduga zan yi, nakan rage santimita guda a kan awon, in kuma yi bakin da ƙaramin kwarashi domin ya kama. Zaren ulun roba da ya fi yawa a kasuwa yana miƙewa ya dawo, ya dace da sanyin Disamba da Janairu lokacin da iskar hunturu take kaɗawa da asuba, amma yana riƙe zafi. Ba na son ganinsa a kan jariri a Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan yake wuce digiri 40, ƙurajen zufa kawai zai jawo. Kafin ki saya, ki goga zaren a wuyanki. In ya yi miki kaushi, jariri ba zai jure shi ba.

Ina roƙonki kada ki sa wa hular igiyar ɗaurewa a haɓa, ko duwatsun ado da maɓallai da za su iya cirewa su shiga baki. Kada ki bar ƙulli mai tauri a tsakiyar faifan, domin maɗiga tana nan kusa, ba ta rufewa sai yaro ya kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ki soke jelar zaren da allura cikin saƙar. Ki kuma gaya wa yayarki ta riƙa cire hular in an kwantar da jaririn barci a ɗaki, musamman ɗakin mai jego da ake hura wa wuta. Bakwaini shi ne ya fi bukatar hula, kansa kuma yakan gaza 33, don haka shi sai an auna, a bi shawarar ungozomar asibiti.

Tunda ba a haihu ba tukuna, ki saƙa guda biyu: ɗaya mai faifan 10 da rabi ta kwanakin suna, ɗaya mai faifan 12, domin kafin a fita arba'in ta farkon ta fara matsewa alhali sanyi bai wuce ba. In kin gama faifan farko, ki ɗora tef a kansa ki ɗauko hoto in gani kafin ki ci gaba. Allah ya sauki yayarki lafiya.