Magazin Ya Maƙale a Bindigar Ruger 10/22: Ta Ina Za a Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston ta jihar Texas a Amurka, kuma ina da bindiga Ruger 10/22 mai ƙotar katako, wadda nake zuwa da ita filin koyon harbi a ƙarshen mako. Da tana sabuwa, ina danna harshen saki, magazin, wato gidan harsashi, zai faɗo mini a hannu. Yanzu sai na yi ta kokawa da farce, wani lokaci har sai na sa sukundireba na ɓamɓaro shi. Magazin biyu gare ni, na kamfanin mai cin harsashi 10 da wani dogo mai cin 25 da na saya daban, kuma dukansu haka suke yi. Wani ya ce in goge gefensu da magagari. In yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka goge komai tukuna, sukundireban nan kuma ka ajiye shi daga yau. Harsashin .22, wanda wannan bindiga ke ci, ba kamar manyan harsasai ba ne da ake dukan tsakiyar gindinsu. Sinadarin da ke kunna albarushinsa yana kwance ne a cikin leɓen gindin kwanson, zagaye guda, kuma kwanson tagulla ce marar kauri. Duk ƙarfen da ya matse leɓen nan da ƙarfi yana iya tayar da shi, ko da harsashin bai shiga makwancinsa ba. Idan ya tashi a haka, kwanson ne zai fashe, ɓarɓashinsa ya nufi ido da yatsu. In dole sai ka tura wani abu, ka yi da ɗan sandan katako ko na roba, da tabarau na kariya a idonka.

Kafin a taɓa komai sai a tabbatar bindiga ba ta da harsashi, kuma a nan akwai 'yar matsala, domin ƙa'ida ita ce a fara cire magazin, shi kuwa ya ƙi fita. To ga yadda za ka yi. Ka fuskantar da bakin bindiga inda ko ta tashi ba za ta sami kowa ba, ka tura maɓallin kariya zuwa dama har jan zoben da ke hagu ya ɓace, yatsanka nesa da kunama. Ka ja sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin makwancinsa, baya har ƙarshe ka sake ta, ka sake ja, kana zubar da harsasan ɗaya bayan ɗaya har magazin ya ƙare. Sannan ka ja ta baya ka kulle ta da ɗan ƙarfen da ke gaban kariyar kunama, ka leƙa makwancin harsashi da idonka a wuri mai haske. Leƙen nan ba na ganin dama ba ne. Ƙugiyar da ke zaro kwanso takan suɓuce ta bar harsashi a ciki, kuma 10/22 tana harbi ko babu magazin a jikinta. Idan a filin harbi abin ya same ka, ka kira jami'in da ke kula da layin masu harbi, kada ka sa ta a mota da harsashi a cikinta da niyyar sai ka je gida.

Yayin da sakatar take a buɗe, duba ko akwai harsashin da ya tsaya rabi da rabi, kansa ya fara shiga makwanci, gindinsa yana riƙe a leɓen magazin. Wannan kaɗai ya isa ya kulle magazin tamau. Ka mayar da shi baya da katako, ko ka karkata bindigar ya faɗo ta tagar fitar kwanso. Amma wannan abu ne na rana ɗaya, naka kuwa ya zama na kullum, don haka ba a nan laifin yake ba.

Sanin yadda magazin yake zama a wannan bindiga shi ne rabin gyaran. Tun da kamfanin Ruger ya fito da ita a 1964 tsarin bai sauya ba. Magazin ɗin ɗan akwati ne na roba mai ɗan juyi a ciki wanda ke jera harsasai 10 a zagaye, kuma wurare biyu kawai ke riƙe da shi. A gabansa akwai ɗan kan sukuru da ya ɓullo, wanda ke shiga wani rami a jikin uwar bindiga, wato gidan alminiyom da sakata ke gudu a ciki. A bayansa kuma akwai matokari, ɗan guntun ƙarfe mai sifirin da ke fitowa daga gidan kunama, wato akwatin da kunama ke ciki, yana tura magazin gaba. Aikin harshen saki shi ne ya janye matokarin nan baya. Ba ya tunkuɗo magazin ƙasa. Nauyin magazin da yatsanka ne ke ƙarasa aikin, kuma magazin marar harsashi ba shi da wani nauyi, shi ya sa gogayya kaɗan take isa ta tsayar da shi.

Daga nan za ka ga dabarar ciro wanda ya maƙale ba tare da ɓamɓara ba. Danna harshen saki har ƙarshe ka riƙe, ba rabi ba. Sa manuniyarka a ɗan lotson da ke gaban gindin magazin, ka ɗan ja shi baya wajen kunama domin kan sukurun ya fita daga raminsa, sannan ka jawo ƙasa. In ya ƙi, sakata tana kulle a baya, sai ka danno shi daga sama ta tagar fitar kwanso da yatsa ko da sandan katako, kana riƙe da harshen saki.

Yanzu neman dalili. Abu mafi amfani a tambayarka shi ne cewa magazin biyu, ƙira daban-daban, suna maƙalewa tare, kuma da can ba sa yi. Da wuya su lalace a lokaci guda. Wannan yana nuna bindigar, ba magazin ba, kuma shi ne dalilin da ya sa shawarar magagari ba ta yi ba: za ka ɓata abubuwa biyu masu lafiya don ka ɓoye ciwon na uku. Abin da za ka yi shi ne ka raba ƙota da ƙarfe ka gwada.

Kwance sukurun zoben da ya ɗaure bututun bindiga da katako, in taka mai zobe ce, ka zare zoben ta gaba. Kwance babban sukurun da ke ƙasa, gaban ramin magazin. Sai ka tsayar da maɓallin kariya a tsakiya, ba dama ba hagu, in ba haka ba zai kankare katakon lokacin fita. Ɗaga bututun sama daga gaba, ƙarfen zai rabu da ƙota. Ka yi wannan a kan tebur da farin ƙyalle, domin ƙusoshi biyu da ke riƙe da gidan kunama ba su da zare, katakon ne ke hana su fita, kuma sukan zame su faɗi da zarar an karkata bindigar.

Sa magazin marar harsashi a ƙarfen tsirara, ka danna harshen saki. Idan ya faɗo salin-alin, ƙota ce mai laifi, kuma ita na fi zargi a wurinka. Houston gari ne mai laima sosai, katako kuwa yana shan danshi ya kumbura, yadda ƙofar katako ke ƙin rufuwa da damina. Wajen ƙota an shafe shi da fenti, amma cikin ramin magazin sau da yawa shafin bai kai ya kawo ba, ta nan ruwa da man bindiga suke shiga. Tazarar da ke tsakanin magazin da katako ba ta da yawa tun asali, kumburin da ido ba zai gani ba ya isa ya cinye ta.

Kafin ka kai ga samfefa, gwada abin da ba ya cin komai. Wani lokaci ba kumburi ba ne, ƙarfen ne ya zauna a karkace cikin ƙota, gefe ɗaya ya matse. Mayar da ƙarfen, ka sa magazin a mazauninsa tun sukuru yana sako-sako, sannan ka ɗaure, magazin ɗin zai daidaita su a tsakiya. Kada ka ɗaure da ƙarfin tsiya. Masu gyara galibi suna tsayawa tsakanin inci-fam 15 zuwa 20 a ma'aunin ƙarfin ɗaurin sukuru, wanda ɗauri ne na yatsu, ba na damtse ba. Wuce haka yana murƙushe katakon da ke ƙarƙashin sukuru, ya jawo ƙarfen ƙasa fiye da mazauninsa, kuma uwar bindigar alminiyom ce, zarenta yana iya cinyewa.

Idan wannan bai yi ba, nemo ainihin inda yake gogar. Shafa alli ko bakin fensir a gefe biyu na magazin da kusurwoyinsa, ka sa ka cire sau uku ko huɗu, ka raba ƙota ka duba inda alamar ta kama katako. Nan kaɗai za ka goge. Naɗe samfefa mai lamba 220 a jikin ɗan katako mai faɗi domin gugar ta tafi daidai, ka yi 'yan ja kaɗan, ka haɗa ka gwada, ka sake. Aikin yana da gundura, amma katakon da ka cire ba ya dawowa. Da zarar magazin ya fara faɗowa da kansa ka tsaya, ka share ƙura, ka shafa man katako mai hana ruwa shiga, shafi biyu marasa kauri, ka bari ya bushe sosai kafin ka haɗa. Mutane da yawa suna tsallake wannan shafin, su bar katako a buɗe, bayan 'yan watanni kumburin ya dawo fiye da na farko.

To idan kuma ka gwada a ƙarfen tsirara ya ci gaba da maƙalewa, ƙota ta fita daga zargi. Koma kan matokari. Danna harshen saki kana kallonsa: ya kamata ya koma ciki sumul, ya dawo da ƙarfinsa. In yana tafiya da ƙyar, ko yana tsayawa rabin hanya, dauɗa ce. Harsashin .22 yana da ƙazanta. Kansa dalma ce da aka shafa wa kaki, kuma bindigar tana buɗewa ne da ƙarfin harbin kansa, don haka hayaƙi da ragowar albarushi suna dawowa ciki kai tsaye. In suka haɗu da mai sai su zama danƙo a ramin matokari. Tura ƙusoshin nan biyu, ka ciro gidan kunama. Ɗauki hotonsa da waya kafin ka ci gaba. Danne matokari da babban yatsa, ka tura ƙusar da harshen saki ke juyawa a kanta, ka zare harshen, sannan ka sassauta yatsa a hankali don kada sifirin ya yi tsalle. Ka lura ƙusar nan ta ratsa ta ƙarfen kulle sakata ma, shi ya sa hoton yake da amfani. Wanke ramin da auduga a kan tsinke, ka goge matokari. In farcenka ya ji kaifi a bakinsa, shafe shi da samfefa mai laushi, lamba 600 zuwa sama, don ya yi santsi kawai, ba don ya rage tsawo ba. In ya gajarta, magazin zai riƙa rawa, bindiga ta fara ƙin ɗaukar harsashi. Ɗigon mai ɗaya ya isa, shi ma ka share yawancinsa. Sifirin da ya lanƙwashe ba a miƙe shi, sabo ake sa wa, kuma ba shi da tsada.

Duba ramin gaba ma, inda kan sukurun magazin ke shiga. Dauɗa tana cika shi, wani lokaci kuma a sami fentin kamfani ya yi tudu a bakinsa. Tsohon buroshin haƙori da tsinken katako sun ishe shi. Wajen mayar da gidan kunama, tabbatar ƙarfen cilla kwanso da ke samansa ya kwanta cikin tsaginsa, ƙusoshin kuma sun shige daidai da bango a gefe biyu.

Magazin kansa sai a ƙarshe, kuma gwajinsa mai sauƙi ne: ari na wani a filin harbi, na kamfanin, ka sa a bindigarka, ka sa naka a tasa. In naka ya maƙale a can ma, nasa kuma ya faɗo a taka, ka samu amsa. Na kamfanin yana kwancewa da alanki mai girman 9/64 na inci. Sassauta dogon sukurun da ya ratsa tsakiyarsa, ka tura shi ciki har notin baya mai kusurwa shida ya fito daga gurbinsa, ka cire murfi, ɗan juyi da leɓen ƙarfe, ka wanke su da ruwan sabulu, su bushe ƙarau. Ba a sa mai a cikin magazin. Wajen haɗawa, juya notin yadda hannun agogo ke juyawa har ɗan juyin ya tsaya, ka ƙara juyi ɗaya da kwata, ka tura shi gurbinsa, ka ɗaure sukuru daidai wa daida. Notin da bai zauna ba, ko murfin da ya ɗaga, ko ɗaurin da ya yi yawa har robar ta ɗan buɗe, kowanne yana sauya girman magazin ya sa shi maƙalewa. Ka nisanta shi da sinadarin wanke birki da asiton, suna cin roba, kuma kada ka bar shi cikin mota a zafin Texas.

Dogon nan mai cin 25, in ba na Ruger ba ne, ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Irinsu sun bambanta a awo, wasu leɓensu ma na roba ne. In bayan gyara na kamfanin yana faɗowa shi kuma yana ci gaba da ƙi, ka daina amfani da shi.

Akwai abu biyu da ba na gyaran gida ba ne. Idan ka kama gidan kunama ka ji yana motsi gaba da baya alhali ƙusoshinsa suna ciki, ramukan sun buɗe, tazarar magazin tana sauyawa daga rana zuwa rana, kuma maganinsa ƙusoshi masu ɗan ƙarin kauri ne da mai gyaran bindiga zai auna ya sa. Haka nan idan ka ga tsagewa a uwar bindiga kusa da ramin gaba, ko sukundireban nan ya riga ya cinye bakin ramin, kada ka sake harbi da ita sai mai gyara mai lasisi ko sashen gyara na kamfanin ya duba ta.